Ƙafa ta dawo, ƙarfi bai biyo ta ba

Ni tela ne a Gusau, shagona ba nisa da Tsohuwar Kasuwa. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ni ta hagu, hawan jini ne sila. Da magani da gashin ƙashi ƙafa ta tashi, hannu ya iya danne yadi in yanka. Masu zuwa dubiya suka yi ta cewa, "Malam, ai ka warke, sai godiya." Sun ga abin da ido ke gani.

Abin da ba su gani ba shi ne gajiya. Ba irin ta daren Sallah ba, wadda barci ke wankewa. Wannan sai ka kwana lafiya, ka yi asuba, kafin hantsi ya ɗaga ka ji an zare maka laka. Kuma taka keke ba shi ya fi cin ƙarfina ba. Lissafin awo, cinikin shadda da mutum uku suna magana lokaci ɗaya, ƙarar janaretan maƙwabci, su ne suke kayar da ni. Likita ya ce ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana wahala kan abin da a da take yi ba tunani, kuma kusan rabin waɗanda ciwon ya taɓa suna fama da hakan, har waɗanda nasu bai yi tsanani ba. Ya duba ko jinina ya yi ƙasa, ya tambayi uwargida ko ina minshari har numfashi ya tsaya, ya tambaye ni damuwa, don duk suna ƙara gajiyar kuma suna da magani.

Sai na sake tsarin shago. Awo da yanka, da suke son kai a natse, da safe. Ɗinki na bar wa yara, ina dubawa. Bayan azahar ina kishingiɗa a bayan shago, ko na gaji ko ban gaji ba, domin in na jira sai jiki ya faɗi, washegari ma ta tafi. Ranar da na tashi da ƙarfi ita ce mai haɗari, don a nan ne zuciya ke cewa biya bashin aikin jiya.

Watan azumi ya zo da zafin bazara, ga kayan Sallah. Na je wurin likita ya daidaita min lokacin shan maganin hawan jini, na kuma rufe karɓar ɗinki tun goman farko. Wani tsohon mai kawo min aiki ya ce, "Alhaji, mi ya faru, ko ka yi kuɗi ne?" Na ce masa ya kai wa yarona da ya buɗe shago a Tudun Wada, hannunsa ya fi nawa sauri yanzu.