Famfon burtsatse da karatun 'yan mata

Ƙungiyarmu ta sa-kai ƙarama ce, yawancinmu 'yan kasuwar Kantin Kwari ne sai 'yan malaman makaranta. Duk ƙarshen wata mukan yi karo-karo, mu sayi littattafai da alli da tabarmi, mu kai wani ƙauye a kudancin jihar Kano, can bayan an sauka daga kwalta. Tun 2004 doka ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, a 2024 ma gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk da haka, in ka leƙa ajin garin nan da safe, maza za ka tarar, mata ɗaiɗai.

Dagaci ne ya buɗe mana ido. Bayan mun yi gaisuwa ya ce, "Alhaji, littattafai mun gode, amma ku kwana ku ga inda yaran suke wuni." Muka kwana. Ana idar da sallar asuba sai ga 'yan mata sun jeru da jarkoki, sun nufi rafi, ba su dawo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ga famfon burtsatse nan a jikin katangar makaranta, ya daɗe a mace, wai roba ce ta cinye a ciki. Kuɗin gyaran bai ma kai na littattafan da muka kawo ba.

Gyara ba wuya, riƙewa ce aiki. Shi ya sa muka turo samari biyu na garin birni suka koyi kwance famfo da ɗaurawa, kwamitin makaranta kuma ya sa kowane gida ya ba da mudun hatsi da kaka, a zuba a asusun gyaran famfon. Asusun a hannun iyaye mata yake, kuma a ganina nan ne dabarar take, don su ne ƙishirwa ke fara taɓawa.

Talla ranar kasuwa da zuwa gona da damina ba mu yi jayayya a kansu ba, mun bar wa liman ya riƙa jan hankali a huɗuba.

Abin da ya rage mana shi ne malami. Wanda aka turo daga birni ba ya zama, don babu masauki. Yanzu wata 'yar garin da ta gama kwalejin ilimi muke ba ɗan alawus, ita ke riƙe da aji ɗaya da aji biyu.