Ranaku uku da jan biro a bayan dosiye

Tun da aka kai Metir, lauyan da muka yi wa aiki, makwancinsa, kowa ke faɗin abin da ya gani: yadda yake tsayuwa a gaban juji cikin baƙar rigarsa, yadda yake yi wa shaida tambaya a hankali har mai ƙarya ya kama kansa da bakinsa. Duk gaskiya ne. Amma mu da muka yi aiki a ofishinsa nan Maradi, abin da ya fi zauna mana a rai shari'a ce ɗaya da aka rasa, kuma ba a zauren kotu aka rasa ta ba, a kan tebur ne, wajen ƙirga kwanaki.

Shari'ar bashi ce irin ta umarnin biya, wadda dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da ita, ta tsara. Mai bin bashi yana kai takardunsa wurin shugaban kotu, a ba shi umarni ba tare da an ji ta bakin wanda ake bi ba. Daga ranar da wisiye, wato mai isar da takardun kotu, ya miƙa takardar, wanda ake bi yana da kwana 15 a tsohuwar dokar 1998 ya ce bai yarda ba. Gyaran da aka yi a 2023 ya mayar da su kwana 10. Wannan wa'adin kowane ɗan koyo ya haddace shi. Wanda ke kayar da mutane shi ne na biyu: a cikin takardar ƙin yardar dole a sanar da duk waɗanda abin ya shafa har da ofishin girafiye, wato magatakardan kotu, a kuma sa ranar zaman kotu tsayayya wadda ba ta wuce kwana 30 daga ranar ƙin yardar ba. In ta wuce, hakkin ya faɗi. Juji ba zai ma buɗe rasit ɗinka ba.

Wani Alhaji ne mai sayar da taki a babbar kasuwa. Ana bin sa miliyan shida na sefa, shi kuma yana riƙe da rasit da ke nuna ya biya fiye da rabi. An shigar da ƙin yarda a kan lokaci, sai dai wajen zaɓen ranar zama aka tsallake mako guda don ranar ta dace da dawowar Metir daga Damagaram, inda ake kai ɗaukaka ƙarar Maradi a lokacin. Ranar ta faɗa kwana na 36. Takardar ta bi hannu uku, har da na wani babban lauya da ke aiki tare da shi, wanda ya duba ya ce ta yi. Lauyan ɗaya ɓangaren bai yi minti biyu a tsaye ba. Ya karanta ranakun biyu, ya zauna.

Abin da ya biyo baya a ofis har yau ba ya da daɗin tunawa. Babban lauyan nan ya ɗora komai a kan ƙaramin magatakarda, a gaban masu jiran layi, kamar ba idonsa ne ya bi takardar ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bai taɓa neman afuwa ba har ya bar wurin, kuma irinsa suna nan da yawa a wannan sana'a: in an ci nasara tasu ce, in an faɗi ta yaro ce ko ta wisiye.

Metir bai ɗaga murya ba. Washegari da safe ya tafi shagon Alhaji da ƙafarsa, ya zauna a kan buhu, ya gaya masa cewa kuskuren daga ofishinsa ne, kuma duk takardar da ta fita da hatiminsa tasa ce. Ya mayar masa da kuɗin aiki gaba ɗaya. Bai ruɗe shi da ɗaukaka ƙara ba, don ya san kotun sama ma ranakun nan biyu za ta ƙirga. Sai ya ɗauki rasit ɗin, ya nemi dattawan kasuwa, aka zauna da mai bin bashin har sau uku kafin ya yarda a cire abin da aka riga aka biya. Kuɗin wisiye da na kotu, Metir ya biya daga aljihunsa.

Daga wannan makon tsarin ofis ya canza. Kowane dosiye da ya shigo, kafin a karanta labarin da ke ciki, ana rubuta ranaku uku da jan biro a bayansa: ranar da takarda ta shiga hannun wanda muke tsaya wa, wato mai shari'a, ranar ƙarshe ta doka, da ranar ofis, wato kwana uku kafin ta doka. Ranar ofis ita ce ta gaske a wurinmu. Mutum biyu ne ke ƙirgawa, kowa shi kaɗai, da yatsa a kan kalandar bango, sannan a gwada. In lissafi ya saɓa, a sake daga farko. Ba a dogara da cewa ranar ƙarshe ta faɗa Lahadi ko hutun salla, ko da doka ta ba da wannan sararin. Kuma ba a yarda da bakin mai shari'a a kan ranar da ya karɓi takarda. Ɗan kasuwa zai ce shekaranjiya ne, alhali yaron shago ya karɓa tun yana Kano ko Kwatano, ya cusa ƙarƙashin kanta. Sai an ga asalin takardar wisiye, an ga kwanan wata da sunan wanda ya sa hannu. A nan kuma ake duba ko ta faɗi adadin kuɗin da ake nema, da wa'adin ƙin yarda, da kotun da za a je, domin rashin ɗaya daga cikinsu na iya rushe ta.

Sauran abubuwan gajeru ne. Hukuncin laifi da aka yanke a gaban mutum, kwana 10 ne ɗaukaka ƙararsa, a je wurin girafiye tun rana ta biyu. Wanda aka tsare a komisariya ko jandarmari, a je masa a ranar, kada a jira awa 48 su cika. Asalin rasit ba ya barin ofis sai da kwafi biyu. Kuɗin mai shari'a ba ya kwana a aljihun tebur.

Mabiyin Almasihu ne na ƙwarai, kuma yawancin waɗanda ya tsaya wa Musulmi ne. Ranar Lahadi ofis a rufe yake ko da gobe akwai zama, shi ya sa aikin Litinin ke ƙarewa tun Juma'a. Da tsakar ranar Juma'a kuwa shi ne ke tsare ofis, ya ce ƴaƴana ku tafi masallaci kada ku makara. Akwai tabarmar salla a ɗakin jira tun kafin wani ya roƙa. Yakan ambaci Matiyu 5:25, inda aka ce mutum ya shirya da mai ƙararsa tun suna kan hanya, kuma da ita yake aiki: ƴan'uwa masu rigimar gona daga Tsibiri ko Madarumfa sukan shigo da niyyar kotu, ya mayar da su wurin mai gari, ya rasa kuɗin aikin da saninsa. Wanda ya zo da shaidar saye kuwa, ana ba shi ruwa ya sha, a raka shi bakin ƙofa.

Ranar jana'iza majami'a ta cika har waje. Alhajin takin nan yana cikin waɗanda suka tsaya a rana daga farko har ƙarshe, da carbinsa a hannu. Magatakardan da aka ci wa fuska shi ne yanzu ke riƙe da kalandar, kuma tun daga wancan dosiye babu wani da ya sake faɗuwa a kan wa'adi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.