Ka karanta tauhidi ba ka zama Fada ba? Asibiti na nemanka

A gida idan yaro ya kwashe shekaru a seminari, makarantar horar da Fadoji wato limaman Katolika, ka ce St. Augustine na Jos, ya fito bai kai ga naɗi ba, shikenan kallon wanda ya yi asara ake masa, ƙarshenta dai ya kama koyar da darasin addini a wata sakandare. To a nan Amurka masu irin wannan karatu asibitocin Katolika ne ke ɗaukarsu, maza da mata, kuma ba ƙananan asibitoci ba ne, kusan duk majinyaci ɗaya cikin bakwai a ƙasar nan a asibitin Katolika yake kwance.

Dalilin kuwa Sistoci ne suka yi ƙaranci. Su suka gina asibitocin nan su suka riƙe su, a 1965 sun kai wajen 180,000 a Amurka, yanzu ko 40,000 ba su cika ba kuma yawanci tsofaffi ne. Manyan kamfanoni irin su Ascension, Trinity Health da CommonSpirit suka gaji asibitocin, sai ya zama dole a samu wanda zai riƙa tuna wa manajoji don me aka kafa wurin. Shi ne shugaban mishan, yana zama a mitin ɗin kasafin kuɗi yana tambaya ina kason talakan da ba shi da inshora. Muƙami ne babba, albashi ma ba laifi, amma fa sai ka iya yaren akawu, in ba haka ba addu'ar buɗe taro kawai za a riƙa ba ka.

Akwai kuma masu ba da shawara kan abin da ya halatta a jinya, suna aiki da ƙa'idojin da bishop-bishop na Amurka suka fitar. Tsoho na kan injin numfashi, 'ya'yansa sun rabu biyu, wannan ta ce a cire wancan ya ce ai kisan kai ne, likita ya rasa ta cewa, su ake kira. Wannan sai da ƙarin digiri, wasu har dakta.

Amma ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce aikin chaplain, limamin asibiti kenan. Ƙungiyar NACC, ta masu aikin chaplain 'yan Katolika a Amurka, ke ba da shaida, tana son mastas a tauhidi da horon CPE, wato koyon aikin a gaban majinyata a asibiti, zango huɗu, kowane zango awa 400, da kuma amincewar Ikilisiya. Gaskiya horon nan yana sauke wa mutum girman kai. Za ka je wajen mara lafiya, ka dawo ka rubuta hirarku kalma da kalma, abokan horo su zauna su yi ta tsinkarta: me ya sa da matar ta fara kuka ka yi maza ka jawo aya? tsoron shirun kake ji? Mu da muka saba wa'azi nan muke shan wuya, don aikin saurare ne, kuma wanda ke kan gadon ƙila Musulmi ne ko Bayahude ko ma bai yarda da komai ba, ba a yarda ka ja shi coci ba.

Shafe majinyaci da mai da sauraron furta zunubi kam na Fada ne kaɗai, ko ƙarfe biyun dare ne sai ka ɗaga waya ka nemo shi, shi ya sa za ka ga Fadoji 'yan Najeriya da yawa a asibitocin nan. Mai niyya ya fara kai takardunsa na gida a tantance tukuna, don ba kowane digirin seminari ake lissafa shi a matsayin mastas ba.