Gabar da ba ta tsufa

Kwanan nan na duƙufa karanta gajerun labaran halittun da ba sa mutuwa, masu zaman birni kamar kowa: mai shan jini yana tuƙa tasi cikin dare, aljana tana rigima da mai gidan haya. Tsafe-tsafensu ba su cika burge ni ba. Gabarsu ce ke hana ni barci. Su biyu sun shekara ɗari huɗu ba sa ga maciji, har mafarin rigimar ya ɓace musu, amma kowannensu ba shi da wanda ya san shi sai abokin gabar, tunda sauran duk sun riga mu gidan gaskiya. Marubucin da ya sasanta su a shafin ƙarshe kuwa, wallahi haushinsa nake ji.