Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kwarin Bayan Kufena

A makon jiya na tsaya a inda Audu, ɗan ƙanin mahaifina, ya iso gidanmu daga ƙauyensu na bayan Giwa da ƙullin kayansa a ka, aka shimfiɗa masa tabarma a shagon da nake kwana. Yau rana ɗaya tak zan ba da labarinta, daga daminar farko da ya yi tare da mu. Na daɗe ina ɗaga rubuta ta, don har yanzu in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Watan Agusta ne na 1994. Mun gama jarrabawar fita sakandare, muna zaman jiran sakamako, ba aikin fari balle na baƙi. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna ma'aikatan mai suna yajin aiki tun watan Yuli kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni. Motoci sun yi layi a gidajen mai har suna kwana, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya koma sayyada. Ga marka ta sauka. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, indararo na zuba dare da rana, cikin dare ka ji rugum, katangar wani ta zube. Ranar Asabar sai gari ya waye tas, rana ta fito kamar ba a taɓa ruwa ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Bala ya yi sallama. Shi ne jagoranmu tun muna aji ɗaya, in ya ce a tashi, an tashi. Ya ce kowa hawa dutsen Kufena yake yi, ya kalli garin Zariya ya sauko, mu yau bayansa za mu gangara. Iliya, abokinmu na Wusasa, ya ba shi labarin wani kwari mai korama, ɗinya ta nuna a tsallakenta ba mai tsinka.

Ƙanena Nura, ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ji, ya sa kuka sai an tafi da shi. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai-tsaye ba. Ta leƙo soro, ta dubi Audu ta ce, "Audu, ga ƙanenka nan." Abin ya sosa mini rai. Ina tsaye, a ba wani amanar ƙanena.

Dole in faɗi yadda muka ɗauki Audu a lokacin, ko da ba daɗin faɗi. Ya girme ni da shekara biyu, amma ban taɓa ce masa Yaya ba. Ɗan ƙauye muke ce masa, a gaban idonsa. Bokonsa bai wuce firamare ba. In muna musun yadda Baggio ya fitar da mu daga gasar cin kofin duniya a Amurka wata guda da ya wuce, shi sai dai ya yi murmushi. Ranar ma shi muka ɗora wa jakar guzuri: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, dafaffiyar gyaɗa. Ya rataya, ya ɗauki sandarsa ta makiyaya wadda muke yi wa dariya, bai ce uffan ba.

Muka fita ta Ƙofar Kuyambana. Ganuwa ta yi kore shar, ruwa ya zaizaye ta wuri-wuri, awaki na kiwo a kanta. Masara ta yi goyo, dawa ta kai kafaɗa. A Wusasa muka tarar da Iliya yana jiranmu kusa da tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa da aka gina a 1929, wadda in ba an faɗa maka ba sai ka ɗauka soron wani basarake ne. Iliya na alfahari da unguwarsu. Ba ka rabuwa da shi bai tuna maka a nan Janar Gowon ya tashi ba, a nan kuma aka samu Dokta Dikko, likitan farko a Arewa. Mahaifiyarsa ta cika mana leda da gasasshiyar masara, ta tambayi lafiyar iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ku dawo mini kafin la'asar, kun ji ko?" Muka ce to, Mama.

Hawan dutse da damina daban yake da na rani. Duk inda ruwa ya bi ya bar gansakuka, baƙa-baƙa, santsi kamar an shafa karkashi. Muka cire silifas muka rataya a hannu. A kowane gurbi ruwa ya kwanta, talibambam na yawo a ciki. Da muka kai kafaɗar dutsen muka juya, sai ga Zariya a shimfiɗe: rimayen cikin birni sun yi tsaye kan rufin gidaje, har muna gardamar wanne ne na Rimin Tsiwa, wanne ne na Rimin Doko; can arewa dogon benen jami'a a Samaru. A ƙasa ana ganin sauran tsohuwar ganuwa ta miƙe cikin gonaki kamar kunya. Malaminmu na tarihi ya sha gaya mana cewa daga Turunku sarautar Zazzau ta taso, ta zauna a gindin wannan dutse kafin a kafa birnin da muke ciki, zamanin Bakwa Turunku. A aji haddacewa kawai muke yi. Ranar ce na ga dalilin da zai sa mutum ya zaɓi nan: in kana sama, ko tururuwa ta taso daga nesa ka gan ta.

Muka gangara ta baya. Gamba ta fi mu tsawo, tana yankar hannu, raɓa ta jiƙa mu sharkaf. A bakin fadama muka iske wani dattijo yana gyaran gonar rake, da 'yar bukkarsa a kan tudu. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Samari, ina zuwa haka?"

Bala ya ce tsallaken korama, Baba.

Ya miƙe ya dafa ƙugu, ya daɗe yana kallon gabas. Mu ba mu ga komai ba sai ɗan duhu can ƙasa-ƙasa. Ya ce, "In kun tsallaka kada ku yi nisan zama. Koramar nan ba ruwan da ya sauka a kanta take ɗaukowa ba." Muka ce mun gode. Da muka ba da baya Bala ya ce tsofaffi ke nan, rana tsaka ana maganar ruwa. Audu kaɗai na ga ya waiwaya ya sake duban gabas.

Koramar kuwa ta yi kyau. Faɗinta bai fi taku goma sha biyar ba, ruwan iya gwiwa, garau, kana ganin yashi a ƙasa. Gaɓar da muka sauko ta yi tsayi, da wani babban ɓaure da saiwoyinsa suka zubo cikin ruwa. Tsallake kuma fili ne mai yashi, sai ɗinya guda uku, 'ya'yan sun yi baƙi wuluk. Muka yi wanka, muka yi kokawa a yashi, muka jiƙa gari a kwanon da Audu ya ɗauko. Audu ya riƙa ɗaga duwatsu yana kamo wa Nura ƙaguwa, yana nuna masa inda ake riƙe ta kada ta cije shi. Muka yi azahar a kan wani falalen dutse, Iliya na zaune yana gadin kaya yana ɓare gyaɗa. Nura ya cika leda da ɗinya, haƙoransa sun yi baƙi, ya ce ta Inna ce, kada wanda ya taɓa. Na yi tafiye-tafiye bayan nan, har ƙasashen waje, amma ban san wani wuni da na ji daɗinsa kamar waɗannan awanni ba.

Wajen ƙarfe uku Audu ya je wanke kwano. Sai na ga ya tsaya cak, ya ɗebi ruwa a tafin hannu yana kallo.

"Ku tashi mu tsallaka."

Rana na nan a kanmu. Bala, yana kwance ya rufe fuska da hula, ya ce ɗan ƙauye ya fara kewar gida.

"Na ce ku tashi!"

Ban taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba sai ranar. Ya nuna mana ruwan. Garau ɗin nan ya tafi, ya koma ja-ja kamar kunun kanwa. Guntayen kara da ganye da kumfa suna wucewa. Dutsen da muka ajiye sabulu a kai ya nutse. Wata iska mai sanyi ta biyo kwarin, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai daga baya na fahimci abin da dattijon nan yake nufi. Dutse ba ya shan ruwa, ƙasa kuma bayan kwana uku na marka ta ƙoshi. Duk abin da ya sauka a tudu, ko da nisansa ya kai inda ba ka jin tsawarsa, kwazazzabai ne za su tattaro shi su juye wa korama gaba ɗaya.

Muka shiga a jere, riƙe da hannun juna, Audu na gaba yana dogara sanda. Ruwan da muka bari iya gwiwa ya kai cinya, yana jan ƙafa, yashi na zamewa a ƙarƙashinmu. Muka kai gaɓa. Ina cikin hawa na saki hannun Nura, don in kama saiwa. Na sake shi, wannan ba wanda zan ɗora wa.

Ashe ya tuna ledar ɗinyarsa. Kafin in juyo ya koma, har ya kai tsakiya. A lokacin muka ji ƙarar, kamar jirgin ƙasa ya taso daga tashar Sabon Gari. Ruwan ya kwano kwanar kwarin, ja, da reshen itace a bakinsa. Na ga ya doki Nura a ƙirji. Na ga hannunsa ɗaya a sama. Na buɗe baki, ko salati ya ƙi fita, ƙafafuna kamar an dasa su.

Audu bai faɗa inda Nura ya nutse ba. Da gudu ya bi gaɓa ya yi ƙasa, ya riga ruwan zuwa gindin ɓaure, ya zame ta kan saiwoyi, ya saƙale ƙafa ɗaya a tsakaninsu, ya kwanta cikin ruwan har wuya. Da Nura ya iso, ya sa lanƙwasar sandar nan ya saƙalo rigarsa. Rigar ta yage. Ya saki sandar, ya cafke shi a wuyan hannu. Ruwan ya ja su biyun, saiwar da ke riƙe da ƙafarsa ta tsaga masa ƙwauri, bai saki ba. Iliya ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya kwanta rub da ciki ya riƙo wandon Audu, Bala ya riƙe ƙafafun Iliya, ni na riƙe Bala, muka ja.

Nura ya fito idanunsa a kafe. Audu ya kifa shi a cinyarsa yana danna masa baya, har ya amayo jan ruwa da garin da ya sha, sannan ya fashe da kuka. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan kukan ba. Filin yashin da muka yi salla a gefensa kuwa babu shi, ruwa ya kai rabin kututturen ɗinya.

Sai a lokacin hadarin ya iso kanmu. Muka lallaɓa zuwa bukkar dattijon, Nura a bayana, Audu na ɗingishi ya dafa Bala. Tsohon bai ce ai na gaya muku ba. Ya hura wuta da ƙeƙasasshen kara, ya lulluɓe Nura da bargonsa, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure wa Audu ƙafa. Ya dubi raunin, ya dubi Audu, ya ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka." Ya hana mu komawa ta kan dutse saboda santsi, ya raka mu da kansa ta wata hanyar shanu da ta zagaye.

Bayan magariba muka shiga Wusasa. Mahaifiyar Iliya na tsaye a ƙofa da fitilar ƙwai. Mahaifinsa ya goya Audu a keke zuwa asibiti, aka yi masa ɗinki bakwai, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo da Baba ya aika masa washegari.

An idar da isha muka iso gida. Baba na zaune a dakali da tocila a hannu, ashe har ya tura mutane Tudun Wada nemanmu. Ya haska fuskar Nura, ya haska ƙafar Audu, ya haska ni. Ya ce mu shiga, da safe ma yi magana. Inna ta rungume Nura, ta kawo wa Audu tuwo da hannunta, ta zauna har ya cinye, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

Cikin dare na jawo katifata na ce ya hau, ƙafarsa ba za ta so tabarma ba. Ya ce a'a, ya saba. Muka yi shiru, ruwa na dukan kwano. Can na ce, "Yaya Audu, ta yaya ka san inda za ka tare shi?"

Ya daɗe bai amsa ba.

"Ka manta da Sale ko?"

Sale ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara huɗu kafin nan Baba ya je ƙauye ta'aziyyarsa, ya kwana uku. Na san an yi rasuwa, ban taɓa tambayar me ya same shi ba.

"Rafin garinmu ne," in ji Audu. "Shi inda ya nutse na faɗa."

Ya juya ya fuskanci bango. Maganar da Baba ya yi da ni da safe, da yadda aka yi Audu ya koma makaranta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.