Maki biyun da na hana yarinya

Jibi zan miƙa makullin ofis in koma makarantar da aka yi min canji a Sandamu, bayan shekara shida ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a nan Daura. Abokan aiki sun ce in rubuta abin da na koya. Da na ɗauki biro, abu guda ne ya tsaya min a rai.

A shekarata ta biyu ne, jarrabawar zango na uku ta 'yan aji ɗaya. Tambaya ta huɗu ita ce 20 − 8 + 5. Takardar amsoshin da shugaban sashe ya raba mana ta ce 7, bisa hujjar cewa a BODMAS, wato haruffan da ake haddacewa don sanin abin da ake fara yi a lissafi, harafin A (tarawa) ya riga S (ɗebewa), sai a fara tara 8 da 5 sannan a cire 13 daga 20. Na bi takardar ina ta zabga jan biro ban tsaya na yi lissafin da kaina ba. Wannan laifina ne.

Ranar da aka mayar da takardu, wata yarinya mai zama a layin baya ta biyo ni har gindin darbejiya, ta rusuna ta ce, "Malam, in Inna ta ba ni naira ashirin, na sayi gyaɗar takwas, Yaya ya ƙara min biyar, ai sha bakwai ce a hannuna." Jikina ya yi sanyi. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama ake bin su, haka ma ninkawa da rabawa. A Amurka PEMDAS yara ke haddacewa a maimakon BODMAS, M (ninkawa) kafin D (rabawa), kuma amsarsu ba ta saɓa wa tamu. Haruffan tunatarwa ce kawai, mu ne muka mayar da su doka.

Na sami shugaban sashe na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gyara a tambaya ta huɗu." Na danna masa a kalkuleta irin ta 'yan kimiyya, 17 ta fito. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Malam, tun kana firamare nake koyar da BODMAS. An shigar da maki, ba mai taɓa shi." Yara tara ne suka rubuta 17, duka aka hana su. Ita yarinyar da maki ɗaya ta rasa na uku a aji, ranar rabon kyaututtuka tana zaune tana tafa wa wasu. A fom ɗin ƙarshen shekara kuma shugaban sashen ya rubuta cewa ni mai gardama ne. Ga sabbin malamai: kuna iya biyayya ga na gaba, amma ku sani wani ya fi son yaro ya faɗi a kan ya ce ya yi kuskure.

Tun daga nan ban sake rubuta BODMAS a layi ɗaya kan allo ba. Matakala nake zanawa mai hawa huɗu: baka a sama, sai "of" (kamar a ce rabin goma) da lambobi masu ƙarfi (irin 3²), sai ninkawa da rabawa kafaɗa da kafaɗa, sai tarawa da ɗebewa a ƙasa. Nakan zo da kalkuleta biyu. Ta masu shago takan ba da 20 a kan 2 + 3 × 4, ta kimiyya 14, in bar aji su yi ta musu har su gano dalili da kansu. Ɗaliban da suka bi ta hannuna ba sa tuntuɓe a nan, malaman babbar sakandare ma sun faɗa min.

Sauran ba su da yawa. Ka warware kowace tambaya da hannunka kafin ka duba takardar kowa. Ka ware makin hanya daban da makin amsa, kamar yadda WAEC ke yi. Tambaya irin 6 ÷ 2(1 + 2) da ke yawo a Facebook kada ta shiga jarrabawa, rubutunta ne mai harshen damo.

Na ba yaran tara haƙuri a gaban aji, na gyara musu a allo. A rijistar makaranta kuwa, makin da aka shigar musu yana nan yadda yake.