Yadda muka rage wa bolar unguwarmu kaya

Kududdufin da ke bayan gidajenmu shara ta cike shi tun ina saurayi. Duk damina ruwa sai ya rasa wurin kwanciya, ya shigo mana ɗakuna. Da yake ni ne sakataren ƙungiyar unguwa, aka ɗora mini neman mafita, ni kuwa tunanina bai wuce a samo mota ta kwashe, a kai wata bolar bayan gari ba.

Wani dattijo manomi daga wajen Ungogo ne ya sauya mini ra'ayi. Ya tona jujin da sandarsa ya ce, "Ɗana, ai taki ne kuke kuka da shi, leda ce ta ɓata shi." Da gaskiyarsa. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke shigowa birni da jakuna, su sauke itace, su koma da mangala cike da toka da kashin dabbobi.

Muka bi gida-gida muna roƙo a raba shara biyu: toka, ɓawo, ragowar abinci da kashin awaki a buhu guda, leda da roba da gwangwani a wani. Matan gida ne suka riƙe abin, domin a hannunsu tsintsiya take. Ƙarfe da robar lemo ba su kwana, 'yan jari bola na saye. Ledar ruwa kam sai ta taru da yawa, ta bushe, kafin a taya.

Inda na yi kuskure shi ne lissafin lokaci. Da rani manomi ke kai taki gona, kafin ruwan farko. Daga Yuni zuwa Satumba babu mai leƙo mu. Tarin ya jiƙe, ya yi wari, ƙudaje suka cika layi, maƙwabta suka yi ta ƙorafi, ban kuma ga laifinsu ba. Sai da dattijon nan ya ara mana fili a ƙauyensu, muna kaiwa ana juyawa har ya ruɓe.

A nan na gane cewa aikin ya fi ƙarfin unguwa ɗaya, har ma ƙaramar hukuma ɗaya. Birnin Kano ƙananan hukumomi 8 ne. Shara tana fitowa daga Fagge ko Dala, gonar da ke buƙatarta tana Ungogo ko Kumbotso, masana'antun roba suna Sharaɗa da Bompai. A ganina, kafin a yanka filin sabuwar bola, ya kamata a zauna tare a keɓe wuraren tara taki kusa da gonaki, a fara da kasuwanni irin 'Yan Kaba da 'Yan Lemo, inda yawancin sharar mai ruɓewa ce.

Kududdufinmu bai dawo ba, amma mun daina ƙara masa. Ƙunzugun yara na zamani da matattun batura ne har yau muka rasa mai karɓa, su muke biyan mai kura ya kai bola.